Danna rifiresh ba ya ƙara wa kwamfuta sauri

A shagunan buga takardu na Terminus a Jos, kwamfuta na fara nauyi sai ka ga yaro ya dafe F5, wato maɓallin rifiresh, yana ta dannawa, sau goma, sau ashirin. Har a gida haka ƙannenmu suke yi. Abin yana damuna, domin an daɗe ana gadon wannan kuskure. Rifiresh sake zana fuskar allo kawai yake yi. Ba ya share komai, ba ya ƙara ƙarfi.

Yawanci matsalar RAM ce, wato wurin da kwamfuta take riƙe abin da take aiki a kai a lokacin. Kowane shafi da ka buɗe a Chrome yana cin nasa rabo. Kwamfuta mai RAM gigabait 4, an buɗe mata shafuka ashirin, ga YouTube, ga Facebook, dole ta cika. Idan ta cika sai ta koma aron wuri a hadis (hard disk), wato ma'ajiyar fayilolinta, shi kuwa ya fi RAM nawa nesa ba kusa ba. Nan burauza take sandarewa.

Danna Shift da Esc a cikin Chrome, za ka ga shafin da ya fi cin wuri. Rufe shi. Ka cire ƙarin manhajojin burauza da ba ka amfani da su, ka kuma hana manhajojin kwamfuta da ba ka buƙata tashi tare da Windows.

Sai ƙurar hunturu. Tana toshe fanka, inji ya yi zafi, ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Ɗora laftof a kan katifa ma haka yake jawowa. A kai wa mai gyara ya busa ta, in da hali a sa mata SSD, wato ma'ajiyar da ta fi hadis sauri.