Raunin Siginar Wi-Fi a Cikin Gida

Raunin siginar Wi-Fi shi ne idan igiyar rediyon da ke fitowa daga rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet ba tare da kebul ba, ta isa wani sashe na gida a galabaice, har wayar salula ko kwamfuta ta kasa aiki da ita. Alamarsa ita ce bidiyo ya riƙa tsayawa a ɗakin kwana alhali yana tafiya lafiya a falo. Idan kuwa intanet na jan ƙafa ko da mutum yana tsaye kusa da rautar, to sau da yawa laifin na layin kamfanin da ke ba da intanet ne ko na rautar kanta, ba raunin sigina ba.

Abin da ke raunana sigina

Wi-Fi ya ginu ne a kan ƙa'idar IEEE 802.11 da aka fara fitarwa a 1997. Yana aiki a zangon igiyar rediyo na 2.4 GHz da na 5 GHz, sabbin na'urori kuma sun ƙara na 6 GHz. Zangon 2.4 ya fi zuwa nesa, ya kuma fi ratsa bango, sai dai cunkoso ya yi masa yawa. Na 5 ya fi sauri amma yana saurin gajiya.

Ana auna ƙarfin sigina da dBm, kuma lambar tana ƙasa da sifili. Wajen -50 sigina ce mai kyau, -67 tana wadatar da kiran bidiyo, daga -80 kuwa da ƙyar take riƙe haɗi. Duk raguwar 3 a wannan ma'aunin na nufin rabin ƙarfin ya tafi. A fili tsantsa, idan nisa ya ninka biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin ne ke saura. Gida kuma ba fili ba ne. Bangon kankare mai rodi a ciki yana cin sigina fiye da katako nesa ba kusa ba, ƙarfe da madubi suna mayar da ita baya, ruwa kuma yana shanye ta, shi ya sa tankin ruwa da ke tsakanin rauta da ɗaki kan haifar da lungun da ba a samun komai. Na'urar ɗumama abinci ta maikirowef tana aiki a 2.45 GHz, Bluetooth ma a zangon 2.4 yake, dukkansu kan yi katsalandan.

Wurin ajiye rauta

Wannan shi ne gyaran da ya fi tasiri, kuma shi aka fi rainawa. Galibi ana barin rauta inda kebul ɗin kamfani ya shigo, a kusurwar gida, a ƙasa, bayan talabijin, har wani lokaci a cikin kabad. Ta haka wani babban kaso na siginar waje take fita. Ya kamata ta kasance a tsakiyar gida, a sama, babu abin da ya rufe ta. Eriyar da ke tsaye tana watsa sigina ne zuwa gefe, ba ta samanta ko ƙasanta ba, don haka a gidan bene kwantar da guda ɗaya kan taimaki hawa na gaba.

Sayen rauta mai ƙarfi kaɗai ba ya cika biyan buƙata, domin magana ce ta ɓangare biyu: ko wayar ta ji rautar, dole rautar ma ta ji amsar wayar, wadda eriyarta ƙarama ce.

Zangon 2.4 ya kasu zuwa tashoshi masu lamba da ake zaɓa a saitin rauta, kuma tashoshi 1 da 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna. Inda maƙwabta suka taru a ɗaya, komawa wata kan rage tsinkewa.

Ƙarin na'urori

Idan gida ya fi ƙarfin rauta ɗaya, hanya mafi inganci ita ce a ja kebul ɗin Ethernet zuwa sashen da ke da rauni a kafa na'urar watsa Wi-Fi ta biyu. Kebul ɗin yana kai mita 100 ba tare da ya yi asarar sauri ba. Aikin jansa ne ke sa mutane gudunsa, amma babu abin da ya kai shi dogaro.

Na'urar ƙara nisa, wadda ake kira rifita, tana karɓar sigina ta sake watsa ta. Mai rediyo ɗaya takan rage sauri da kusan rabi, tunda da tasha ɗaya take karɓa take aikawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne kai ta cikin lungun da ba shi da sigina. Matsayinta tsakiyar hanya ne, inda har yanzu take jin rautar da kyau.

Tsarin raga kuwa na'urori biyu ne ko fiye da ke aiki da suna ɗaya, suna taimaka wa wayar ta koma kan wadda ta fi kusa yayin da mutum ke zagayawa. Wasu suna ware zango guda don magana tsakaninsu, kuma sun fi kyau idan an haɗa su da kebul. Akwai kuma adaftocin da ke bi da intanet ta wayoyin lantarkin gida, waɗanda ingancinsu ya dogara da tsufan wayoyin da yadda aka raba su a ginin.