Ba da doki tun farkon wasan chess: tambayoyin da na gaji da amsawa

Yana da kyau in ba da ɗa ɗaya tun wasa bai yi nisa ba?

Galibi a'a.

Ko da soja ne?

Soja daban. A lissafin 'yan wasa soja maki 1 ne, doki 3, sarauniya 9. Ka saki soja don 'ya'yanka su riga na abokin karawa fitowa, wannan ciniki ne, shi ake kira gambit. Doki kuwa ba a kyautarsa saboda nishaɗi.

Ai Anderssen, gwanin chess na Jamus, har sarauniya ya bayar, ya kuma ci wasa!

Kullum sai an kawo min wannan. E, a Landan a 1851 ya yi wa abokin karawarsa Kieseritzky haka. Amma Kieseritzky ya ɓata lokaci yana yawo da sarauniya, sauran 'ya'yansa na barci a gida. Kai ka taɓa lissafa tafiya biyar gaba ba ka ruɗe ba?

To wancan dokin da ake jefawa a f7 fa?

Wannan kam tambaya ce. Kowane gida a allon chess yana da suna na harafi da lamba; f7 gidan sojan da ke kusa da sarkin baƙi ne. Kana da fararen 'ya'ya, kun buɗe da tura soja e4 da e5, bishop ɗinka (ɗan da ke tafiya a karkace) ya hau c4, dokinka ya hau g5, baƙi ya tura soja d5, ka ci, shi kuma ya rama da doki. Nan za ka iya cin f7 da doki. Sarkinsa ya ci dokin, sarauniyarka ta zo f3 ta tsare shi, in yana son kare dokinsa dole ya tako e6, tsakiyar fage. Da wanda bai san hanyar ba, musamman a wasan minti 3 ko 5, sau da yawa za ka gama da shi. Amma ban ce tabbas ba. Idan ka yi sanyi tafiya ɗaya tak, sarkin ya sulale, ka tashi ba doki ba hari. Wanda ya sani ma ba zai rama a d5 ba, ɗaya dokinsa zai kai a5, shirin ya watse. Ka gwada da abokai tukuna. A gasa kuwa, sai in ka haddace abin da ke biyo baya.

Na gwada na sha kashi. In daina?

Kwantar da hankalinka. Duba wasan, ƙirga 'ya'yanka nawa suka fito kafin ka bayar. Yawanci biyu ne, biyu kuma ba sa kama sarki.

In ni aka ba wa fa, in ci?

Duba abin da zai sami sarkinka. In ba ka ga komai ba, ci.