Ku daina lasa masa gyaɗa wai don ya saba

Iyaye mata, kakanni da gwaggonni, da ku nake. Yawan yaran da ake kawo mana asibiti leɓe a kumbure, ido ya rufe, jiki duk borin jini, shi ya sa na ga shirun ya isa haka. In muka tambayi abin da yaro ya ci sai a ce ba komai. Sai an matsa, sannan uwar ta sunkuyar da kai ta ce, "Kakarsa ce ta ɗan lasa masa tunkuza, wai don jikinsa ya saba." Alhali tun ranar da aka fara ba shi kunun gyaɗa aka ga ya yi amai, fuska ta tashi.

Wallahi ba ya sabawa ta haka. Wanda jiya ya tsaya a ƙaiƙayi, gobe yana iya zama maƙogwaro ne zai kumbura ya toshe numfashi, kuma ɗan abin da ke kan yatsa ya isa. Ko a Amurka sai a 2020 aka amince da maganin sabar wa jiki da gyaɗa, shi ma awo ake yi, a fara a gaban likita da allurar ceton gaggawa a ajiye kusa. Ke kuma Hajiya, me kika ajiye kusa?

Na san ƙauna ce. Mu da aka yi dalar gyaɗa a Kano, a ce jikanki ba ya cin ƙuli-ƙuli, dole ki ga kamar tsirfa ce ta iyayen zamani. Gyaɗa abinci ce mai gina jiki, kuma yaron da yake cinta lafiya kada a hana shi. Akwai kuma wanda iyakarsa kumburin ciki in ya cika ci, wannan ragewa kawai zai yi. Amma wanda cikin mintuna, ko kafin awa 2, jikinsa ke fitar da borin jini, leɓe ya kumbura ko ya kama amai, wannan ba tsirfa ba ce. Kusan 1 cikin 5 ne kawai ke rabuwa da abin in sun girma, kuma likita ne zai gwada ya faɗa, ba ku ba. Ku daina gwaji a tsakar gida.

Abin da ke ƙara ba ni tsoro, gyaɗa ba ta zuwa da sunanta. Tana cikin yajin tsire da kilishi, tana cikin miyar taushe, daƙuwa, kwaɗon zogale da na rama, da man gyaɗa na gida da aka soya ƙosai da shi. Suya ko dafuwa ba ta kashe abin da ke tayar da ciwon. Cokalin da aka juya kunu da shi ma sai an wanke da sabulu. Haka abincin leda da muke ba masu tamowa, da gyaɗa ake yinsa, don haka ku faɗa mana kafin mu ba ku.

In abin ya faru:
- Murya ta shaƙe, numfashi na fita da ƙyar, ko yaro ya yi laushi: asibiti nan take, ba jiran maigida ya dawo.
- Kada a ɗura masa manja, nono ko jiƙo.
- A kwantar da shi a ɗaga ƙafafu. In numfashi ne matsalar, a bar shi a zaune. Kada a sa shi tafiya.
- Piriton na rage ƙaiƙayi, ba ya buɗe maƙogwaro. Allurar adirenalin a cinya ce maganin.
- Ko ya warware a zauna a asibiti, don yana iya dawowa bayan wasu awanni.

Mai asma kuwa hatsarinsa ya fi. Ku sanar da malaman boko da na Islamiyya, da maƙwabtan da yake shiga gidajensu. Maigida kuma, kai za ka yi wa Inna magana cikin ladabi, don matarka ba za ta iya hana surukarta ba. In maganar ta yi maka nauyi, kawo ta asibiti mu yi mata bayani da kanmu.