Aikin ƙarin mahaifa ta ƴar ɓula da hatsarorin da ke cikinsa

Ƙarin mahaifa, wanda a Yamai da Tawa aka fi sani da fibirom, tsiro ne da ke fitowa daga naman mahaifar kanta, kuma kusan duka ba ciwon daji ba ne. Matan baƙar fata sun fi samunsa kuma ya fi fito musu da wuri, wani bincike da aka buga a Amurka a 2003 ya nuna sama da 80 cikin 100 na baƙaƙen mata suna da shi kafin su kai shekara 50. Da yawa ba su ma san suna ɗauke da shi ba sai an yi eko, wato hoton ciki, wanda bai damun mace kuwa barinsa ake yi. Wanda ake wa aiki shi ne mai sa jinin al'ada ya yi ta zuba har mace ta ɗashe, ko mai danne mara, ko mai hana ciki zama.

Da can aikin ɗaya ne, a tsaga ciki. Yanzu akwai hanyoyin da ba a yanka babba. Wadda aka fi sani ita ce selioskopi: ana huda ciki wuri 3 ko 4, kowace ɓula wajen santimita ɗaya ko ƙasa da haka, a hura iskar gas cikin ya kumbura, a zura kamara da ƙarafa sirara a ciro ƙarin. Wani likitan Jamus, Kurt Semm, shi ya fara cire ƙari ta haka a ƙarshen shekarun 1970. In ƙarin yana cikin ramin mahaifa ne kuma bai yi girma ba sai a bi ta gaba da kamara, ba a ko taɓa fatar ciki. Akwai kuma toshe jijiyoyin da ke kai wa ƙarin jini don ya motse, wanda Jacques Ravina da abokan aikinsa a Paris suka bayyana a 1995.

Amfanin a fili yake, zafi kaɗan, miki bai cika ruɓa ba, mace na komawa harkokinta cikin mako 2 zuwa 4, alhali mai tsagar ciki sai ta yi mako 4 zuwa 6. Sai dai mutane na ruɗuwa da ƙanƙantar tabon su ɗauka aikin wasa ne, to ɓular ce kawai ƙarama, yankan da ake wa mahaifa a ciki da ɗinkinta duk suna nan yadda suke. Jini na iya ɓallewa, ƙarfe na iya raunata hanji ko mafitsara ko bututun fitsari, kuma in abin ya rikice likita zai buɗe cikin ne nan take, shi ya sa ake sa hannu kan takardar yarda da haka tun kafin a shiga. Wadda aka yi wa aikin ta gaba ita ma ana iya huda mata mahaifa ko ruwan da ake ɗura wa mahaifar ya shige jini ya yi yawa. Mai toshe jijiya takan sha ciwon mara da zazzaɓi kwanakin farko, kuma wadda ta haura 45 al'ada na iya ɗauke mata da wuri, don haka ba a cika zaɓa wa mai neman haihuwa ita ba.

Babbar rigimar da aka yi kan wata na'ura ce mai yayyanka ƙarin gunduwa-gunduwa don ya fito ta ƴar ɓular. Matsalar, wani lokaci abin da ake zaton ƙari ne ashe ciwon daji ne ya ɓuya, eko kuma bai iya bambancewa, in aka markaɗa shi sai ya warwatsu cikin ciki. Haka ta faru da wata likita a Amurka, Amy Reed, da aka yi wa aiki a 2013 ta rasu a 2017. A 2014 hukumar magunguna ta Amurka FDA ta yi gargaɗi, ta ƙiyasta mace 1 cikin 350 masu irin wannan aiki tana ɗauke da ɓoyayyen ciwon dajin, kamfanin Johnson & Johnson ma ya janye na'urarsa daga kasuwa. Likitocin mata da yawa sun ce lissafin ya yi tsauri. A 2020 hukumar ta ce in za a yi amfani da na'urar a yayyanka cikin wata jaka ta musamman, kuma ba ga wadda ta haura 50 ko ta daina al'ada ba.

A Nijar abin da ya fi yanke hukunci shi ne girman ƙarin da jinin mai shi. Mata da yawa sai sun gama da jiƙe-jiƙe da rubutu, ciki ya kai kamar na wata 6, sannan a kawo su matarnite irin Issaka Gazobi ta Yamai, a irin wannan hali tsagar ciki ta fi aminci ga likitoci da dama. Kafin aiki ana auna jini, a ba da maganin ƙarin jini, ƴan uwa kuma su ba da nasu a aje.

Bayan an cire, ƙarin na iya dawowa, musamman ga mai ƙuruciya ko wadda aka ciro wa da yawa. Mai son ciki ana ce mata ta jira wata 3 zuwa 6, wasu likitocin su ce fiye, don ɗinkin ya kama, kuma in yankan ya yi zurfi sezariyan ake tsara mata saboda tabon na iya yagewa lokacin naƙuda.