Waiwaye: Rolling Stones da gardamar sabuwar waƙa a bakin tsofaffi

A watan Oktoba na 2023 ƙungiyar mawaƙan rok ta Birtaniya, Rolling Stones, ta fitar da faifai mai suna Hackney Diamonds. Shekara 18 ke nan rabonsu da faifan sababbin waƙoƙin da suka rubuta da kansu. Mick Jagger mai rera waƙa yana da shekara 80 a lokacin, Keith Richards mai jita saura masa wata biyu ya cika 80, shi kuwa autansu Ronnie Wood yana da 76. Tun kafin faifan ya shiga kasuwa masoyansu suka rabu biyu. Wasu na murna, wasu na cewa me ya yi zafi, tsohuwar zuma ai da ita ake magani, a bar ta yadda take kada a gauraya ta da ruwa.

Gardamar ta girmi yawancin masu yin ta. Jagger da kansa ya fara tayar da ita a 1975, lokacin da ya ce gara ya mutu da a ce ya kai shekara 45 yana rera "Satisfaction", waƙar da ta ɗaga su a 1965. Baki shi ke yanka wuya, domin ya wuce 80 yana rera ta.

Sa'ad da aka kafa ƙungiyar a Landan a 1962, ba su da waƙar kansu, waƙoƙin bulus (blues), wani salon kiɗa na baƙaƙen fatar Amurka, suke kwaikwaya. Manajansu Andrew Loog Oldham ne ya matsa wa Jagger da Richards lamba su fara rubuta nasu, don a zamanin nan kuɗi yana cikin faifai. Ana zagaya garuruwa ana wasa ne don a tallata faifan, kuma mawaƙin da ya yi wata shida bai fitar da sabon abu ba an fara mantawa da shi. Tsakanin 1968 da 1972 suka jera faifai huɗu da har gobe ake cewa su ne ƙololuwar aikinsu, na ƙarshensu Exile on Main St., wanda suka naɗi mafi yawansa a ɗakin ƙasa na wani gida a kudancin Faransa bayan sun gudu daga harajin Ingila. Waɗannan huɗun su suka zame musu mudu. Duk abin da suka kawo bayan nan da shi ake auna shi, kuma ba ya cika.

A ganina 1981 ce shekarar da kiɗa ya fara canzawa. Rangadin Amurka ya matso, babu sabon faifai, Jagger da Richards kuma ba sa ga maciji da juna. Sai mai naɗa musu sauti Chris Kimsey ya shiga rumbun tsofaffin kaset, ya tsinto guntattakin waƙoƙin da aka watsar, wasu tun 1972, aka gyara aka ɗora murya. Faifan da ya fito, Tattoo You, ya yi mako 9 a saman jerin ciniki na Amurka, kuma daga shi ba su sake hawa wannan matsayi a can ba. Da ana yin rangadi don faifai, yanzu an koma yin faifai don a sami hujjar rangadi.

Bayan doguwar gaba suka shirya a 1989, suka fita rangadin Steel Wheels, wato tayoyin ƙarfe. 'Yan jarida suka juya sunan suna yi musu ba'a da keken guragu. Jagger 46 kacal yake da ita a lokacin.

Sai intanet ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Daga fitowar Napster, manhajar musayar waƙoƙi kyauta, a 1999 cinikin faifai ya yi ta zubewa, yau kuwa mutum yana biyan ɗan kuɗin wata ya saurari duk abin da ya ga dama. Tikiti ne ya zama abincin mawaƙa. Faifansu na 2005, A Bigger Bang, ya wuce ba tare da ya bar waƙar da ake tunawa ba, amma rangadin da ya ɗauki sunansa ya tara sama da dala miliyan 550, har da wasan kyauta a bakin tekun Copacabana na ƙasar Burazil a 2006 wanda fiye da mutum miliyan ɗaya suka halarta. Masu zuwa irin waɗannan wasanni sun san abin da ke faruwa da zarar mawaƙi ya ce ga wata sabuwa: wayoyin da aka ɗaga sama su sauka, mutane su fara ratsa layin kujeru suna ba da haƙuri, layin banɗaki ya yi tsawo. Wanda ya biya ɗaruruwan daloli ƙuruciyarsa ya zo nema.

Masu cewa a daina suna da misalai. Led Zeppelin sun tarwatse a 1980 da mutuwar makaɗinsu John Bonham, martabarsu ba ta ragu ba. Billy Joel ya daina fitar da faifan waƙoƙi tun 1993, duk da haka daga 2014 zuwa 2024 yana cika zauren Madison Square Garden na birnin New York kusan kowane wata, in ban da lokacin annobar korona. Kamfanoni ma tsohon kaya suke rububi: a 2021 Bruce Springsteen ya sayar wa Sony haƙƙin waƙoƙinsa a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai wajen dala miliyan 500.

To amma hujjar cewa sabon faifai mara armashi yana ɓata suna ba ta taɓa gamsar da ni ba. Rolling Stones sun yi faifai masu rauni, musamman na 1986 da aka haɗa a tsakiyar rigimarsu, kuma ban ga wanda ya daina sauraron na 1972 saboda shi ba. Mara kyau mantawa ake yi da shi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙungiya ta koma gidan tarihin kanta, tana maimaita waƙoƙi ashirin ɗin nan dare da rana har ta zama mai kwaikwayon kanta.

Su ma kamar sun ji haka. A ƙarshen 2015 suka shiga situdiyo da niyyar sababbin waƙoƙi, abin ya ƙi tafiya, suka koma kan tsofaffin bulus don su warware hannu. Cikin kwana 3 suka naɗi faifai guda, ya fito a 2016. Sababbin kuwa suka ci gaba da jan ƙafa har makaɗinsu Charlie Watts, wanda ke bayan ganga tun 1963, ya mutu a watan Agusta na 2021. Wannan rashi ne ya farkar da su. Jagger ya yanka wa'adi, suka ɗauko Andrew Watt ya jagoranci naɗin, yaron da aka haifa a 1990, shekara guda bayan an fara kiransu tsofaffi. Paul McCartney na tsohuwar ƙungiyar Beatles ya buga musu jitar bas a waƙa ɗaya, kiɗan Watts da aka naɗa kafin mutuwarsa ya fito a biyu.

Faifan ya hau na ɗaya a Birtaniya, ya ci kyautar Grammy a 2025. Ni dai na ga an goge sautin ya yi santsi fiye da kima, kuma babu waƙa a ciki da za ta ture na da. A rangadin 2024, wanda ƙungiyar 'yan fansho ta Amurka AARP ta ɗauki nauyi (ba wasa nake ba), sababbi uku ko huɗu kawai suke sakawa cikin kusan 20.

Waƙar da ta rufe faifan ba tasu ba ce. Ta mawaƙin bulus na Amurka Muddy Waters ce, wadda daga ita ƙungiyar ta samo sunanta, kuma ba su taɓa saka ta a faifansu ba sai yanzu. Jagger da Richards ne kaɗai, murya da jita da ɗan abin busa. A 1961, ranar da su biyun suka haɗu a tashar jirgin ƙasa ta Dartford, faifan Muddy Waters na cikin waɗanda Jagger ke rungume da su, shi ne ma ya sa Richards ya tsaya yi masa magana.