Ma'anar "imbed": bidiyon wani a shafinka, kuɗin kuma na wa?

Wani yammaci bayan la'asar ɗan yayata ya taso daga Yelwa, nan cikin Garwa, da kwamfuta a jakar baya. Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba ya buɗe ta a kan tabarma. "Kawu, na buɗe shafi a intanet, na finafinan Hausa zalla." Na duba. Kowane fim da fejinsa: suna a sama, bidiyo a tsakiya, layi biyu na bayani a ƙasa, gefe kuma ya bar fili inda yake fatan talla za ta zauna. Na tambaye shi ko masu finafinan sun sani. Ya ce, "Ai ban ɗauki komai ba, Kawu. Imbed kawai na yi."

Wannan kalma ta yawaita a bakin samarinmu masu neman na kansu a intanet, daga Ngaundere har Kusiri, kuma da yawa suna faɗinta kamar wata laya ce da ke kare mutum daga kowace tuhuma. Wanda kwamfutarsa ke kan Faransanci, idan ya taɓa "Partager" a ƙarƙashin bidiyon YouTube zai ga wani maɓalli mai suna "Intégrer". Shi ne dai. Da Hausa ni nakan ce dasa bidiyo, ko da yake dashen nan ba ya yin saiwa a gonarka. Abin da YouTube ke ba ka ƴan layuka ne na rubutun kwamfuta, ka kwafa ka liƙa a shafinka. Layukan nan sai su buɗe taga a jikin shafin. Bidiyon bai gusa daga rumbun YouTube ba, daga can yake tasowa zuwa wayar mai kallo, kai bango kawai ka huda domin mai wucewa ta ƙofarka ya hango wasan da ake yi a gidan maƙwabci.

Shi ya sa imbed ya sha bamban da sauke bidiyo a sake ɗora shi. Wanda ya sauke fim ya ɗora a tasharsa ko a Facebook ya yi sabon kwafi, ya kuma raba shi ba da izini ba, wannan ba sai an kira lauya ya fassara ba. Mai imbed bai yi kwafi ba. Ƙari a kan haka, duk mai ɗora bidiyo a YouTube yana da wani ɗan akwati da zai bari a buɗe ko ya rufe, na yarda a dasa bidiyonsa a wasu shafuka. Idan ya bar shi a buɗe, ya amince ke nan a ƙarƙashin sharuɗɗan da ya karɓa ranar da ya buɗe tasha. Har nan yaron yana da gaskiya, kuma na faɗa masa haka.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Mai bidiyo yana iya rufe akwatin nan gobe, ko ya goge bidiyon, kuma ba wanda zai sanar da kai. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne tambayar da yaron bai taɓa yi wa kansa ba: wanda ya ɗora fim ɗin, nasa ne? Izinin da ka jingina da shi daga hannun mai ɗorawa ya fito. In shi ma sato shi ya yi, to ba shi da abin da zai ba ka. Yawancin finafinan shafin ɗan yayata daga wata tasha guda suka fito, wadda ke tattara finafinan Kano tana ɗorawa da tambarinta a kusurwa. Ƙa'idar YouTube ita ce tashar da ta tara gargaɗi uku na keta haƙƙin mallaka ana iya rufe ta ɗungurungum. Bayan ƴan makonni aka rufe waccan. Ya dawo mini da kwamfutar, muna buɗe feji bayan feji, ko'ina baƙin allo da ɗan rubutu cewa bidiyon ba ya nan. Aikin daren da ya yi ta yi, da kuɗin data da ya ƙona, duk sun bi ruwa. Na ji masa ciwo ƙwarai, domin yaro ne mai himma, ba mai son banza ba.

Masu shafukan ƙwallo sun fi kowa sanin wannan. Lokacin da aka buga wasannin kofin Afirka a filin Rumde Ajiya a farkon 2022, guntayen bidiyon da mutane suka naɗa daga talabijin ba sa daɗewa a intanet, saboda haƙƙin nuna wasannin an riga an sayar wa gidajen da suka biya.

To me doka ta ce? A Kamaru dokar haƙƙin mawallafa ita ce mai lamba 2000/011 ta 19 ga Disamba 2000. Ta ba mai aiki shi kaɗai ikon yarda a kwafi aikinsa, a nuna shi ga jama'a, a sauya shi ko a rarraba shi, kuma ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tarar sefa 500,000 zuwa miliyan 10, ko ɗaya daga cikinsu, ga wanda ya keta. Kamaru da Chadi duk suna cikin OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta kare haƙƙin mallakar fasaha, mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, don haka ɗan Njamena ma bai fita daga wannan inuwa ba. Amma ka lura da shekarar: an sa wa dokarmu hannu fiye da shekara huɗu kafin a haifi YouTube a 2005. Muhawarar ko buɗe taga daidai yake da nuna wa jama'a, a kotunan Turai da Amurka aka fi yin ta.

Kotun Tarayyar Turai da ke Luksambur ta yanke a 2014, a shari'ar BestWater, cewa dasa bidiyon da ke buɗe ga kowa a intanet ba sabon nuni ba ne, tunda ba wasu sababbin masu kallo aka kai wa ba. Wannan hukunci ne masu imbed ke so. Wanda ba sa ambato shi ne na 2016, shari'ar GS Media. A can kotun ta ce idan abin da ka haɗa shafinka da shi an ɗora shi ba da izinin mai shi ba, kuma kai don riba kake yi, to za a ɗauka ka sani, sai in ka kawo hujjar akasin haka. Ma'ana, ranar da ka sa talla a shafinka ka tashi daga sahun mai nuna wa abokai abin da ya burge shi, ka koma ɗan kasuwa, ɗan kasuwa kuwa ana sa ran ya binciki kayan da ya baje. Kowa a babbar kasuwar Garwa ya san abin da ke samun wanda ya sayi babur da araha bai nemi takardu ba. A Amurka ma maganar ba ta zauna wuri ɗaya ba. Wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2007 alhakin yana kan wanda abin ke ajiye a rumbunsa, amma a 2018 wata kotu a New York ta ƙi bin wannan, ta ce jaridun da suka dasa saƙon Twitter mai ɗauke da hoton wani ba da izininsa ba sun nuna hoton. Waɗannan hukunce-hukunce ba sa ɗaure alƙali a Garwa. Amma kamfanin da ke ajiye maka shafi da wanda ke biyan ka kuɗin talla galibi a ƙasashen can suke, kuma takardar ƙorafi guda ta isa su rufe maka ƙofa ba tare da an je kotu ba.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce ta kawo kowa. Tallar da ke fitowa a cikin bidiyon da ka dasa ba taka ba ce. Idan mai tashar yana cikin tsarin rabon kuɗin YouTube, shi ke ɗaukar kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar dogayen bidiyo, YouTube ya riƙe sauran. Kai da ka kawo mai kallo ba ka da ko sisi a ciki, kuma ni ban ga zalunci a nan ba: wanda ya biya ƴan wasa da mai kyamara shi ya cancanta. Abin da ya rage maka shi ne tallar gefe, ita ma da shinge biyu. Sharuɗɗan YouTube sun hana sayar da talla a fejin da bidiyonsu ne kaɗai a cikinsa, ko inda bidiyon ne babban abin da ke jawo mutane. AdSense kuma, tsarin Google da ke sa talla a shafuka yana biyan masu su, ba ya karɓar shafin da ya tattaro kayan wasu bai ƙara komai na kansa ba. Ko an karɓe ka, sai ka tara dalar Amurka 100, ko yuro 70 wanda ya kama kusan sefa 46,000, kafin a biya ka, kuma tun kafin nan za a aiko maka da wata lambar tabbatar da adireshi a takarda ta gidan waya. Mu da yawancinmu ba mu da akwatin gidan waya, wannan takarda kaɗai aiki ce.

Abin da ake nufi da ƙara na kanka shi ne inda nake ganin ɗan arewacin Kamaru yana da abin da ba kowa ke da shi ba. A ce shafinka na noman albasa ne. Akwai bidiyo da Faransanci a kan yadda ake adana ta kada ta ruɓe. Ka dasa shi daga tashar masu shi ta asali, sannan ka rubuta da Hausa abin da ya dace da zafin Marwa da abin da bai dace ba, abin da manomin da ka zauna da shi ya gaya maka game da rumfarsa, lokacin da farashi ke faɗuwa da lokacin da yake tashi, da hotunan da ka ɗauka da wayarka. A nan ko bidiyon ya mutu rubutun yana tsaye, kuma mai sayar da iri ko injin ban ruwa yana da dalilin biyan ka ta Orange Money ka sa sunan shagonsa. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: sharhi daban, fassara daban. Ka ɗauki maganar bidiyon wani daga farko har ƙarshe ka mayar da ita Hausa, ko ka ɗora muryarka a kansa, wannan sauya aiki ne, yana buƙatar izinin mai shi. Saƙo guda na neman izini ba ya cin komai, kuma amsar da aka ba ka a rubuce ka adana ta.

Ɗan yayata ya goge shafin finafinan. Yanzu na gyaran babur yake yi, domin maƙwabcinsu bakanike ne kuma ya yarda a riƙa ɗaukarsa yana aiki. Ranar Asabar da ta wuce na bi ta garejin, na same shi durƙushe da waya a hannu, bakaniken yana kwance kafireta yana bayani da Hausa yana haɗawa da Fulatanci. Da ya hango ni sai ya ɗaga hannu alamar in dakata, kada muryata ta shiga cikin naɗin.