Waiwaye: yadda aka koyi karanta saƙon RNA a tsohon naman da aka adana a asibiti

Duk wanda aka taɓa yi wa ɗan'uwa tiyata aka ce an yanki ɗan nama an kai lab, to naman nan ba zubar da shi ake ba. Jiƙa shi ake cikin fomalin, ruwan nan mai yaji a ido da ake sa wa gawa a mutuware, sai a daskarar da shi cikin kakin farafin irin na kyandir, ya zama ɗan bulo da bai kai akwatin ashana ba, a rubuta lamba a jefa a durowa. Tun 1893 wani likita Bajamushe, Ferdinand Blum, ya lura fomalin na sandarar masa da fatar yatsu, daga nan fa abin ya samo asali, yau manyan asibitocin duniya cike suke da irin waɗannan bulo, wasu sun girmi kakanninmu.

Matsalar ita ce abin da ke adana siffar naman shi ke ɓata saƙon cikinsa. In kana son sanin waɗanne ƙwayoyin gado ne ke aiki a cikin ƙari da waɗanda suka yi shiru, RNA za ka auna, wato kwafin saƙon da ƙwayar gado ke fitarwa idan tana aiki, shi kuwa RNA ba shi da juriya ko kaɗan, fomalin ya manne shi da furotin ya gutsuttsura shi, kamar wasiƙar da gara ta ci. Shi ya sa da aka fara auna ƙwayoyin gado da yawa lokaci guda wajen 1995 a Jami'ar Stanford, sabon nama daga firiza kawai ake nema, tsofaffin bulo ba wanda ke kallonsu.

Amma fa an ga alama. A 1997 Jeffery Taubenberger da Ann Reid suka ciro guntayen RNA na ƙwayar murar 1918 daga huhun wani sojan Amurka da ta kashe, naman ya kusa shekara 80 a kakin farafin. Haka a 2008 ƙungiyar Michael Worobey ta gano HIV a wani bulo na 1960 daga Kinshasa. Dabarar dai ɗaya ce, daina neman wasiƙa cikakkiya, karanta guntun da ka samu.

Inda abin ya shafi marasa lafiya kai tsaye shi ne 2004. Aka koma wa bulo 668 na matan da suka yi kansar mama aka ba su maganin tamoxifen tun shekarun 1980, aka auna ƙwayoyin gado 21, kuma daɗin abin shi ne an riga an san ƙarshen labarin kowacce, wadda cutar ta dawo wa da wadda ta tsira, ba sai an zauna jiran shekara goma ba. Gwajin Oncotype DX ke nan, mai hasashen ko kansar za ta dawo. A 2018 binciken TAILORx mai mata sama da 10,000 ya nuna da yawansu za su iya tsallake kemo, wato maganin kansa mai ƙarfin nan, ba tare da sun yi asara ba, wanda ya ga yadda kemo ke zubar da gashi ya hana cin abinci ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. A tsakani kuma, 2008, kamfanin NanoString ya fito da na'urar da ke ƙirga guntayen RNA kai tsaye.

Ni abin da ke ɗaukar hankalina, firizar adana sabon nama sai ta kai digiri 80 ƙasa da sifili, ga yadda wuta take a wajenmu, ɗauke wuta na kwana biyu ya gama da komai, shi ko bulo ba ruwansa da janareta. Sai dai shi ma zafi da laima na ci gaba da cin RNA ɗinsa a hankali, kuma in nama ya daɗe a kan tire kafin a jiƙa shi, ko ya yi sati a fomalin alhali ƙa'idar naman mama awa 6 zuwa 72 ce, to duk tsadar na'urar abin da za ta karanto kaɗan ne.